Tsuntsaye Biyu na Tsibirin Principe: Rabe-raben Jinsi da Matsayin Kariya



Mai yiwuwa ne waɗansu su yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan tsuntsaye, alhali kuwa ga malaman ilmin dabbobi nan zaune. Hujjata ita ce, batun da na ɗauko rabinsa kimiyya ne, rabinsa kuwa suna ne. Shi kuwa suna, da raɗa shi, da abin da kan biyo bayan raɗa shi, gonarmu ce mu masu nazarin harshe. Hausawa sun ce suna linzami ne. Nufina a yau in kwatanta tsuntsaye biyu da ke zaune a tsibiri guda, waɗanda masana suka sāke wa matsayi cikin shekara biyu kacal, aka sauke ɗaya aka ɗaga ɗaya, sa'an nan mu ga inda linzamin ya ja kowannensu.

Tsibirin

Idan mutum ya tashi daga gaɓar tekun Nijeriya ya nufi kudu, zai tarar da jerin tsibirai huɗu waɗanda aman wuta ya tayar daga ƙarƙashin teku, watau Bioko da Principe da Sao Tome da Annobon. Biyun da ke tsakiya su ne suka haɗu suka zama ƙasar Sao Tome da Principe, wadda ta sami mulkin kai daga hannun Fotugal a shekarar 1975. Dattawan da ke cikinku za su tuna da sunan Sao Tome tun zamanin yaƙin basasa, domin daga can ne jiragen agaji suka riƙa tashi da dare zuwa yankin Biyafara.

Principe shi ne ƙaramin. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 150 ba, kuma ƙidayar 2012 ta sami mutum 7,000 da 'yan kai a cikinsa. Tsakaninsa da gaɓar Afirka akwai fiye da kilomita 200 na ruwa, tsakaninsa da Sao Tome kuma kamar 150. Masana duwatsu sun ƙiyasta shekarunsa sun kai miliyan 31, kuma tun da ya ke bai taɓa haɗewa da babban yankin Afirka ba. Ashe ke nan duk wani tsuntsu da ke cikinsa, kakanninsa ƙetaro teku suka yi. Babu ɗan Adam a tsibirin sai bayan da Turawan Fotugal suka iso wajajen 1470, suka kawo bayi, suka shuka rake, daga baya kuma gahawa da koko. Gonakin nan sun cinye yawancin kurmin arewacin tsibirin. Kudancinsa ne ya tsira, saboda duwatsu ne masu wuyar hawa, ga kuma ruwan sama kamar da bakin ƙwarya.

Yadda masana ke jera halittu

Bahaushe yana da nasa tsarin na rarrabe tsuntsaye, kuma tsari ne mai ma'ana. Ya kan dubi inda tsuntsu ke zama, da abin da ya ke ci, da lokacin zuwansa, da ko a kan ci namansa. Ya san shamuwa da damina, ya san belbela da shanu, ya san jan-baki da ɓarnar gero. Tsarin masana kimiyya kuwa tambaya guda ya ke yi: wa ya haɗa kaka da wa? Asalinsa daga wani masani ne ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus, kuma daga bugu na goma na littafinsa, na shekarar 1758, a ke fara lissafin sunayen dabbobi. Shi ne ya kafa al'adar ba kowace halitta suna mai kalma biyu da Latinanci, ta farko sunan gidansu, ta biyu nata na kanta.

Tsarin hawa-hawa ne, kuma tilas in tsai da kalmomin da zan yi aiki da su. Dukan tsuntsaye, su wajen 11,000, aji guda ne. A cikin aji akwai rukuni, cikin rukuni akwai dangi, cikin dangi akwai gida, cikin gida akwai jinsi. Ɗalibaina na nahawu su lura, ba jinsin namiji da tamata na ke nufi ba, iri na ke nufi. Idan kuma jinsi guda ya bazu a wurare dabam-dabam har mazauna kowane wuri suka ɗan sha bamban, to, kowane kashi zan kira shi reshe. A kan matakan nan biyu na ƙasa, jinsi da reshe, dukan rigimar ta ke.

Tsuntsayenmu biyu tun daga matakin rukuni suka raba hanya. Na farko zan kira shi masunci, domin sana'arsa ke nan. Rukuninsa shi ne Coraciiformes, danginsa Alcedinidae, dangin da ya ƙunshi jinsi fiye da 110 a duniya, gidansu kuwa Corythornis. Na biyu yana cikin rukunin Passeriformes, watau tsuntsaye masu kama reshe da yatsu uku gaba ɗaya baya, rukunin da ya ɗauke fiye da rabin tsuntsayen duniya, su kanari da hankaka da jan-baki duk a ciki. Danginsa Turdidae, gidansu Turdus. Sunansa na kansa xanthorhynchus, daga Girkanci, ma'anarsa mai baki rawaya. Tun da ya ke Bahaushe bai taɓa maƙwabtaka da shi ba balle ya raɗa masa suna, bari mu kira shi baki-rawaya. A taƙaice dai, tsakanin masunci da baki-rawaya babu wata dangantaka ta kusa. Tsibiri ne kaɗai ya haɗa su, sai kuma alƙalamin masana.

Masunci

Wanda ya saba zama bakin fadama ya san ɗan'uwan tsuntsun nan ko da bai san sunansa na Latinanci ba. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa kamar santimita 13, bayansa shuɗi mai ƙyalli, ƙirjinsa ja-ja, bakinsa dogo ja wur, ga ɗan tukku a ka. Ya kan zauna a kan karan da ya sunkuya bisa ruwa ya yi tsit, can sai ka ga ya faɗa tsundum ya fito da ɗan kifi ko talibambam ko ƙwaron ruwa. Ba ya saƙa sheƙa a itace, rami ya ke haƙawa a jikin gaɓa ya yi ƙwai a ƙuryarsa. Wannan shi ne Corythornis cristatus, wanda masani Pallas ya fara bayyanawa a 1764. Ya bazu a kusan dukan Afirka kudu da Sahara, tun daga Senegal har Habasha har Afirka ta Kudu, da fadamun Haɗeja da Nguru a ciki.

Na Principe kuwa, wani Bajamushe mai suna Kaup ne ya bayyana shi a 1848, ya sa masa suna nais. Tun daga nan masana suka kasa tsai da shi wuri guda. Waɗansu suka ce jinsi ne mai zaman kansa wanda babu irinsa ko'ina sai a tsibirin. Waɗansu suka dubi cikinsa suka ga fari-fari ne, sai suka jingina shi ga wani masunci na kurmin kudancin Nijeriya da Kamaru mai suna leucogaster, watau mai farin ciki, amma fa na gashi, ba na murna ba. A nan ne karin maganar nan ta yi aiki, kama da wane ba ta wane. A shekarar 2008 Martim Melo da Jérôme Fuchs suka buga sakamakon binciken ƙwayoyin gado na tsuntsayen nan, suka nuna cewa masuncin Principe, da takwaransa na Sao Tome, dukansu jinin cristatus ne, wancan dai na bakin fadamarmu, kuma ba su daɗe da rabuwa da shi ba in an auna da ma'aunin tarihin halitta. Farin cikin nan ruɗi ne kawai. Saboda haka suka ba da shawara a mai da su rassa, kuma manyan kundayen sunayen tsuntsaye da dama sun bi shawarar. Sunansa ya koma kalma uku, Corythornis cristatus nais. An sauke shi daga maigida ya koma ɗan ɗaki.

Baki-rawaya

Labarin wannan ya fi tsawo, ya kuma fi ban tausayi. Tsuntsu ne mai tsawon kamar santimita 24, bayansa ƙasa-ƙasa mai duhu, ƙirjinsa fari da zane-zane kamar ɓawon kifi. A ƙasa ya ke kiwo, cikin busassun ganyaye, yana neman tsutsa da ƙwari da 'ya'yan itace. Yana da ɗan'uwa a nan ƙasar, Turdus pelios, wanda a kan gani yana tsalle-tsalle a lambuna da inuwar itatuwa, mai zaƙin murya da farkon damina.

Wani Ba'italiye mai yawon tattara halittu, Leonardo Fea, shi ya samo shi, kuma Tommaso Salvadori ya bayyana shi a 1901 a matsayin jinsi mai zaman kansa. A 1928 José Correia ya sāke samo waɗansu kaɗan. Daga nan sai ɗif, kusan shekara 70 babu masanin da ya sāke sa shi a ido, har sai ƙarshen shekarun 1990 da aka gan shi cikin kurmin kudu. A tsakanin nan kuwa masu tsara sunaye, waɗanda ba su da kome a gabansu sai 'yan busassun fatu cikin akwatunan gidajen tarihi na Turai da Amurka, sun riga sun haɗe shi da wani tsuntsu na Sao Tome mai suna Turdus olivaceofuscus, suka ce reshensa ne.

Ku dubi abin da wannan haɗewa ta jawo. Na Sao Tome yana da yawa, a kan same shi a kurmi, a kan same shi a gonakin koko masu inuwa. Da aka lissafa su a matsayin jinsi guda, sai yawan wancan ya rufe ƙarancin wannan. Duk mai duba kundi sai ya ga jinsin bai shiga sahun waɗanda a ke tsoron ƙarewarsu ba. Da baki-rawaya ya ƙare ƙaf a shekarun nan, da ba a rubuta cewa duniya ta yi hasarar kome ba.

A 2007 Martin Dallimer da abokan aikinsa suka shiga kurmin suka yi ƙidaya. Lissafinsu ya ba da kimanin tsuntsu 364, amma su da kansu suka yi gargaɗi cewa adadin na iya zarce gaskiya, saboda wani dalili mai ban mamaki: tsuntsun ba ya tsoron mutum, har matsowa ya ke yi ya ga ko wane ne, don haka mai ƙidaya ya kan ga fiye da rabonsa. Sa'an nan a 2010 Melo, shi dai wanda ya sauke masunci, tare da waɗansu masana, suka kawo hujjoji iri-iri. Bakin na Principe rawaya ne, ƙafafunsa masu haske, na Sao Tome kuwa bakinsa da ƙafafunsa masu duhu ne. Girmansu ya bambanta, zanen ƙirjinsu ya bambanta, ƙwayoyin gadonsu sun nuna tsohuwar rabuwa. Kukansu ma ba ɗaya ba ne, kuma wannan hujja ce mai nauyi, domin da kuka irin waɗannan tsuntsaye ke neman abokin aure. Da ma an ce kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Aka mayar masa da sunan da Salvadori ya ba shi shekara 109 da suka wuce, kuma a 2011 ya shiga mataki mafi tsanani na halittun da suka rage a daji.

Harshe da kari

A nan zan ɗan ratse zuwa gonata, domin matsalar ba baƙuwa ba ce gare mu. Yaushe ne kari ke zama harshe? Mu kan ce in masu magana biyu suna fahimtar juna, to, harshe guda su ke yi. Da wannan ma'auni Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci duk Hausa ne, Gwandara kuwa, ko da ya ke ita ce mafi kusa da Hausa cikin harsunan Cadi, an ware ta daban. Masana dabbobi su ma suna da irin wannan ma'auni, wanda Ernst Mayr ya shahara da shi tun 1942: in halittu biyu suna aure da juna a daji su haihu, 'ya'yan su ma su haihu, jinsi guda ne.

To, amma Bakano da Basakkwace suna haɗuwa a kasuwa, sai mu saurara mu ji ko sun fahimci juna. Tsuntsun Principe da na Sao Tome fa? Kilomita 150 na teku ya raba su, ba su taɓa haɗuwa ba balle a ga ko za su yi aure. Dole masani ya tattara alamu ya yanke hukunci, shi kuwa hukunci aikin mutum ne, yana iya daidai yana iya kuskure. Abin da na ke so ɗalibai su riƙe shi ne, Allah ya halicci tsuntsun, amma layin da aka ja tsakanin jinsi da reshe mutum ne ya ja shi. Kuma kamar yadda karin da ba a ɗauka harshe ba ya kan mutu ba a buga masa ƙamus ba, haka reshen da ba a ɗauka jinsi ba.

Jan Kundi

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, an kafa ta a Faransa a 1948, kuma tun 1964 ta ke ajiye abin da a ke kira Jan Kundi. Ƙungiyar BirdLife International ce ke yi mata aikin auna tsuntsaye. Kundin yana da matakai. A can ƙarshe akwai waɗanda suka ƙare, da waɗanda suka ƙare a daji sai a hannun mutane. Sai matakai uku na haɗari: na bakin halaka, na cikin haɗari, da masu rauni. Ƙasa da su akwai na kusa da haɗari, sa'an nan waɗanda ba a damu da su ba tukuna. Akwai kuma waɗanda bayani bai isa a yanke musu hukunci ba.

Ba da ka a ke sa halitta a mataki ba, akwai ƙa'idoji na lissafi: yawan manya masu haihuwa, faɗin wurin zama, da saurin raguwa. Baki-rawaya ya shiga matakin bakin halaka ne saboda abu uku sun taru a kansa. An ƙiyasta manyansa ba su kai 250 ba, ana ganin suna raguwa, kuma dukansu a dunƙule su ke wuri guda, yadda masifa ɗaya za ta iya share su. Don ku ji nauyin matakin, ungulun nan da muka taso muna gani a mahauta da bakin kasuwa ita ma tana cikinsa tun 2015, ko da ya ke ita ta wata ƙofa ta shiga, watau saurin raguwa, ba ƙarancin asali ba. Masunci kuwa yana can matakin waɗanda ba a damu da su ba.

Me ya sa tsuntsaye biyu a tsibiri guda suka sami rabo dabam haka? Ba suna kaɗai ba ne, akwai hali. Masunci ba ya ƙyamar inda mutum ya taɓa. A Principe a kan gan shi a bakin rafi da bakin teku da cikin gonaki, a nan ƙasar ma ya kan bi magudanun noman rani da tafkuna. Baki-rawaya kuwa ya maƙale wa tsohon kurmi, yana kiwo a ƙasa, kuma kakanninsa sun yi zamani mai tsawo a tsibirin da babu dabbar da ke farautarsu, har tsoro ya fita daga jininsu. Sai mutum ya zo da ɓera da kyanwa da jibda da wani biri mai suna mona, wanda asalinsa na kurmin Afirka ta Yamma ne, kuma ɓarawon ƙwai ne na gaske. Masu shiga kurmi neman 'ya'yan aku ko dodon-koɗi su ma, in tsuntsu ya matso har gabansu, ba su kan bar shi ba.

Abin lura ga masu riƙe da fayil

Ra'ayina shi ne an yi daidai a hukuncin biyu, kuma abin da ya ƙara mini natsuwa shi ne mutum guda yana cikin masu yanke su. Akwai zargin da a kan yi wa masana cewa suna tsattsaga jinsi don su jawo kuɗin agaji, tun da masu ba da kuɗi jinsi su ke tambaya, ba reshe ba. Zargin ba ya rasa tushe a waɗansu wurare. Amma wanda ke neman ƙara wa tsibiri daraja ba zai rage masa jinsin da a da a ke alfahari babu irinsa ko'ina ba. Hujja aka bi, ta kai ɗaya sama ta kai ɗaya ƙasa.

Duk da haka akwai abin tsoro. Masuncin Principe yanzu yana zaune daidai inda baki-rawaya ya zauna kafin 2010, a ƙarƙashin inuwar wani babban suna. Yau yana da yawa, babu laifi. Amma in wata rana wata cuta ko wata baƙuwar dabba ta auka masa, kundin da ya lissafa shi a matsayin reshe ba zai motsa ba, domin 'yan'uwansa suna nan birjik daga Senegal zuwa Afirka ta Kudu. Kundin yana auna haɗarin ƙarewar jinsi ne a duniya baki ɗaya, kuma a wajen tsuntsaye galibi a matakin jinsi ya ke tsayawa.

Wannan ya shafi ma'aikacin gandun daji ko na ma'aikatar ruwa da ke zaune a nan. In aka kawo maka rahoto a kan wani aiki, aka rubuta cewa tsuntsayen wurin duk suna matakin da ba a damu da su ba, wannan bai gaya maka kome ba game da fadamar da ke gabanka. Ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kuma tsuntsu na iya ɓacewa daga lardi guda ɗungum matsayinsa a kundin duniya bai gusa ba. Tambayar da ta kamace ka ita ce, nawa ne a nan, kuma nawa ne a da?

A can Principe, kurmin kudu ya zama gandun da doka ta tsare tun 2006, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren da ta keɓe don kiyaye halittu. Amma doka ba ta hana biri hawa itace. Bayan da aka mayar wa baki-rawaya sunansa ne aka tsara masa shiri na musamman, kuma wata ƙungiya ta tsibirin, Fundação Príncipe, ta shiga aikin bin sawunsa, da 'yan tsibirin a cikin masu ƙidayar, ana kafa na'urorin ɗaukar hoto a kurmi don a gane wace dabba ce ke fasa sheƙa. Har yanzu dai yana matakin bakin halaka.